Tarho ko intanet: taƙaddama kan hanyar jin ra'ayin jama'a

A yayin da mutane ke daɗa ƙin ɗaukar kiran baƙuwar lamba, cibiyoyin binciken ra'ayin jama'a da dama sun karkata zuwa ga intanet, amma kuma ita ma sabuwar hanyar tana da nata matsalolin.

A duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya da Jamus, da wuya mako ya wuce ba tare da jaridu da gidajen rediyo da talabijin sun gabatar da wasu sabbin alƙaluma a game da wanda ke kan gaba da kuma wanda aka bari a baya ba. Waɗannan alƙaluma ba abin wasa ba ne, domin kuwa da su ne jam'iyyu ke yanke shawarar inda za su kashe kuɗin yaƙin neman zaɓe, da su ne attajirai ke auna ɗan takarar da za su mara wa baya, kazalika gwamnatoci kan janye wani shiri nasu ko su ci gaba da shi ta la'akari da abin da aka ce shi ne ra'ayin talakawa. Sai dai ba kasafai mai karatu ke tsayawa ya tambayi yadda aka samo su ba. A galibin lokuta ɗaya daga cikin hanyoyi biyu aka bi: ko dai an buga wa mutane waya an yi musu tambayoyi baki da baki, ko kuma sun cike takardar tambayoyi da kansu ta hanyar intanet. Sama da shekaru 20 ke nan ƙwararru ke ta kai ruwa rana a kan wadda ta fi sahihanci tsakanin hanyoyin biyu.

Tushen wannan sana'a dai abu ne mai sauƙin fahimta. Mai girki ba ta buƙatar shanye tukunya kafin ta san ko gishiri ya ji, cokali ɗaya ya wadatar, muddin dai ta juya miyar sosai. Haka ma masana lissafi suka tabbatar cewa idan aka tsamo mutane dubu ɗaya daga cikin al'umma ta yadda kowane mutum ke da damar faɗowa cikin waɗanda aka tsamo, to amsoshinsu za su yi kusa da ra'ayin ƙasar baki ɗaya, tare da yiwuwar kuskuren da bai wuce kimanin kashi 3 cikin ɗari ba, sama ko ƙasa. Wannan lissafi bai damu da ko mutanen ƙasar miliyan 10 ne ko miliyan 300 ba. Sharaɗin kawai shi ne juya tukunyar, kuma a nan ne gizo ke saƙa.

Darasin da har yanzu ake koyar da ɗalibai a wannan fanni ya faru ne a Amurka a shekara ta 1936. Wata mujalla mai suna Literary Digest ta aika da takardun tambaya kimanin miliyan 10 ta gidan waya, inda ta ɗebo sunayen daga kundin lambobin tarho da rajistar masu motoci da kuma jerin masu sayen mujallar. Sama da mutane miliyan biyu suka mayar da amsa, kuma bisa ga amsoshin nasu mujallar ta ba da sanarwar cewa Alf Landon na jam'iyyar Republican zai lashe zaɓen da kashi 57 cikin ɗari. Da aka ƙidaya ƙuri'u sai ga shi shugaba Franklin Roosevelt ya tashi da kusan kashi 61 cikin ɗari, Landon kuwa jihohi biyu kacal ya samu daga cikin 48. A wancan zamani na karayar tattalin arziki masu hannu da shuni ne suka fi mallakar tarho da mota, sa'annan masu adawa da Roosevelt sun fi magoya bayansa ɗokin mayar da takardun. George Gallup, wanda ya tambayi mutane ƙalilan in an kwatanta da na mujallar, shi ne ya hango nasarar Roosevelt. A shekara ta 1938 mujallar ta daina fitowa.

Zamanin tarho

Bayan da tarho ya shiga kusan kowane gida a Amurka da yammacin Turai, sai ya zamana na'urar da ta kunyata Literary Digest ita ce ta koma abin dogaro. Tun daga shekarun 1970 cibiyoyin bincike suka fara barin na'ura mai ƙwaƙwalwa ta harhaɗa lambobin waya da kanta, kamar yadda ake jefa ƙuri'a, ta yadda hatta mutumin da bai sa lambarsa a kundin tarho ba ana iya dacewa da shi. Hakan ya rage wahalar bi gida-gida, ya kuma ba da damar kammala binciken ƙasa baki ɗaya a cikin kwanaki uku ko huɗu. Tsawon shekaru kusan 30 ba a ga hanyar da ta kama ƙafar wannan ba.

Abin da ya karya lagonta shi ne mutane sun daina amsawa. Alƙaluman cibiyar Pew da ke birnin Washington sun nuna cewa a shekara ta 1997 takan samu yin hira da kashi 36 cikin ɗari na gidajen da ta nema ta waya. Zuwa shekara ta 2012 adadin ya faɗi zuwa kashi 9, a 2018 kuma ya koma kashi 6 cikin ɗari. Ma'ana, sai an nemi gidaje 16 ko 17 kafin a samu mutum ɗaya da zai amsa tambayoyin har ƙarshe. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: wayoyin zamani suna nuna lambar mai kira, 'yan talla da 'yan damfara sun gallabi jama'a da kiraye-kiraye, har ta kai ga wasu wayoyin kan toshe baƙuwar lamba da kansu tun kafin mai wayar ya ji ƙararta.

Bugu da ƙari wayar salula ta dagula lissafin. A rabin ƙarshe na shekara ta 2016 ne hukumomin lafiya na Amurka, waɗanda ke bin diddigin lamarin, suka gano cewa a karon farko fiye da rabin gidajen ƙasar ba su da tarhon gida ko kaɗan, sai salula kawai. Tarhon gida yana da adireshi, salula kuwa takan bi mai ita duk inda ya ƙaura, don haka lambar ba ta nuna jihar da mutum ke kaɗa ƙuri'a. Akwai kuma wata doka ta shekara ta 1991 da ta taƙaita amfani da na'urar buga lambobi wajen kiran salula, lamarin da ya sa shekara da shekaru ma'aikata ke danna lambobin da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Kowane kiran da ba a ɗauka ba albashi ne aka biya a banza.

Ƙarancin masu amsawa shi kaɗai ba ya nufin sakamakon ƙarya ne. Da a ce mutum ɗayan da ya amsa bai bambanta da sauran 16 da suka ƙi ba, da babu wata damuwa. To amma binciken da ita kanta cibiyar Pew ta yi ya nuna cewa masu yarda su yi hira da baƙo ta waya sun fi sauran jama'a shiga ayyukan sa-kai da harkokin unguwa. Wato mutane ne da suka fi amincewa da jama'a da kuma hukumomi, kuma a wasu ƙasashe wannan hali na da alaƙa da jam'iyyar da mutum ke zaɓa.

Intanet ɗin ma iri biyu ne

A daidai lokacin da tarho ke ja da baya ne kamfanoni irin su YouGov, wanda aka kafa a Birtaniya a shekara ta 2000, suka kunno kai da alƙawarin yin aikin cikin sauri da kuma rahusa. Babu ɗakin da za a cika da ma'aikata masu buga waya, ana iya nuna wa mai amsa hoto ko bidiyo, sa'annan shi ne ke zaɓar lokacin da ya ga dama. Amma a nan wajibi ne a rarrabe tsakanin abubuwa biyu da akan haɗa a ƙarƙashin suna ɗaya, domin bambancin da ke tsakaninsu ya fi wanda ke tsakanin tarho da intanet girma.

Na farko shi ne rukunin masu kawo kansu. Mutum kan ga talla a wani shafi, ya yi rajista, sa'annan a riƙa aiko masa da tambayoyi ana ba shi ɗan tukuici ko maki da zai canza da kuɗi. Babu wani kundi na dukkan masu amfani da intanet da za a tsamo sunaye daga ciki, saboda haka ba mai binciken ne ya zaɓi mutanen ba, su ne suka zaɓi kansu. A bisa ƙa'ida wancan lissafi na kuskuren kashi 3 cikin ɗari ba ya aiki a nan, ko da yake wasu kamfanoni kan rubuta shi a ƙasan rahotanninsu. Abin da suke yi shi ne su ware kaso: maza kaza, mata kaza, matasa kaza, daidai da abin da ƙidayar jama'a ta nuna. Manyan kamfanoni da suka daɗe suna wannan aiki sun ƙware ƙwarai wajen daidaita ma'aunin, kuma sun sha hango sakamakon zaɓe daidai. Ƙananan kuwa sau da yawa sayen masu amsa suke yi daga dillalai, ba tare da sun san ko su wane ne ba.

Inda akwai tukuici kuwa ba a rasa mayaudara. A shekara ta 2022 cibiyar Pew ta gwada irin waɗannan rukunoni da wata tambaya ta tarko, inda ta tambayi mutane ko suna da lasisin tuƙa wani nau'in jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku mai amfani da makamashin nukiliya. Kashi 12 cikin ɗari na waɗanda suka ce shekarunsu ba su kai 30 ba suka amsa da cewa suna da shi. Waɗannan mutane ne da ke danna “e” ga kowace tambaya domin su gama da wuri su karɓi ladansu, wasunsu ma ƙarya suke yi a game da shekarunsu da inda suke zaune. Abin zai iya zama na dariya, amma a watan Disambar 2023 wani bincike na masu kawo kansu ya bazu a kafofin yaɗa labarai na duniya da labarin cewa kashi 20 cikin ɗari na matasan Amurka na ganin kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa tatsuniya ce. Da Pew ta maimaita tambayar a tsakanin mutanen da ita ta tsamo da kanta, kashi 3 cikin ɗari ta samu. Labarin farko ya riga ya zaga duniya kafin gyaran ya fito.

Nau'i na biyu shi ne wanda mai bincike ke tsamo adireshin gidaje daga kundin gidan waya ta hanyar ƙuri'a, ya aika musu da wasiƙar gayyata, waɗanda suka amince kuma su riƙa amsa tambayoyi ta intanet lokaci zuwa lokaci. Babu wanda zai iya shiga don raɗin kansa. Irin wannan rukuni ne Pew ta kafa a shekara ta 2014, kuma sannu a hankali ta mayar da mafi yawan bincikenta na cikin Amurka kansa, tare da yin tanadi na musamman ga waɗanda ba sa amfani da intanet domin kada a bar su a baya. A wani gwaji da ta wallafa a 2023, inda ta kwatanta amsoshi da alƙaluman gwamnati da aka riga aka sani, matsakaicin kuskuren rukunonin da aka tsamo ya tsaya a maki 2.6, na masu kawo kansu kuwa ya kai maki 5.8, wato fiye da ninki biyu. Illar wannan hanya ita ce tsada, sa'annan akwai fargabar cewa mutumin da ya shekara biyar ana tambayarsa batun siyasa zai iya zama ya fi maƙwabcinsa bin labarai, ya daina wakiltar talaka irinsa.

Akwai kuma wani bambanci da bai shafi waɗanda aka tambaya ba, sai dai yadda aka tambaye su. Ɗan Adam yana jin kunyar ɗan'uwansa ko da ta waya ne. A wani gwaji da aka wallafa a shekara ta 2015, Pew ta raba mutane kimanin 3,000 gida biyu, ta yi musu tambayoyi 60 iri ɗaya, rabi ta tarho rabi ta intanet. Matsakaicin bambancin amsoshin ya kai maki biyar da rabi. A tsakanin waɗanda suka yi magana da mutum, kashi 62 cikin ɗari sun ce sun gamsu matuƙa da zaman iyalinsu, alhali a tsakanin waɗanda suka cike da kansu kashi 44 ne suka faɗi haka. Kazalika masu amsawa ta intanet sun fi fitowa fili su bayyana tsananin ƙiyayyarsu ga 'yan siyasa. Don haka idan batun ya shafi talauci ko rashin lafiya ko shaye-shaye ko ƙyamar wata ƙabila, intanet ya fi samo abin da ke cikin zuci. A ɗaya hannun kuma mai tambaya ta waya yakan maimaita wa dattijo tambayar da bai ji ba, yakan isa ga wanda bai iya karatu ba, yakan kuma gane idan wanda ke kan layi wasa yake yi. Hatta jerin amsoshi yana da tasiri, inda mai saurare ya fi riƙe ta ƙarshe da aka karanta masa, mai karantawa kuma ya fi karkata ga ta farko da idonsa ya faɗa a kai.

Ranar zaɓe ita ce alƙali, kuma hukuncin nata bai fifita ɓangare ɗaya ba. A zaɓen Birtaniya na 2015 dukkan hanyoyin biyu sun nuna jam'iyyun Conservative da Labour kunnen doki, amma Conservative ta yi nasara da tazarar kusan kashi 7 cikin ɗari. Kwamitin da farfesa Patrick Sturgis ya jagoranta ya ɗora alhakin a kan cewa mutanen da aka tambaya ba su wakilci masu zaɓe ba, ta waya ko ta intanet. Shekara guda bayan haka, gabanin ƙuri'ar raba-gardama ta ranar 23 ga watan Yunin 2016 a kan zaman ƙasar a Tarayyar Turai, binciken tarho ya shafe watanni yana ba masu son zama tazara mai yawa, na intanet kuwa yana nuna ana kankankan. Masu son ficewa suka yi nasara da kashi 51.9 cikin ɗari. Kamfanonin Opinium da TNS da suka nuna masu ficewa a gaba a binciken ƙarshe duka ta intanet suka yi aiki, amma haka shi ma kamfanin Populus da ya ba masu son zama kashi 55. A Amurka kuwa ƙungiyar masu binciken ra'ayin jama'a ta ƙasar ta gano cewa a 2016 bincike da dama na matakin jihohi sun cika da masu digiri ba tare da an daidaita ma'aunin ilimi ba, lamarin da ya ɓoye ƙarfin Donald Trump. A 2020 an gyara wannan, amma duk da haka kuskuren ya kasance mafi girma cikin shekaru 40 a matakin ƙasa, kuma rahoton ƙungiyar bai sami wata hanya guda da ta fi sauran daidaito a fili ba.

Wannan ne ya sa da yawa daga cikin cibiyoyi suka daina zaɓar ɗaya, suka koma gwama su. A Jamus cibiyar Infratest dimap da ke yi wa tashar ARD bincike tana haɗa tarho da intanet, yayin da cibiyar Allensbach, wadda aka kafa tun 1947, ta yi suna wajen tura ma'aikatanta su zauna da mutane ido da ido. Wasu kuma saƙon tes suke turawa ɗauke da hanyar shiga shafin tambayoyi.

Halin da ake ciki a Afirka

A ƙasashen da intanet bai game ko'ina ba, matsalar shekara ta 1936 takan dawo da sabuwar riga. Gabanin zaɓen shugaban ƙasa na Najeriya na watan Fabrairun 2023, wani bincike da kamfanin Premise Data ya yi wa kafar Bloomberg ta manhajar wayar zamani a watan Satumban 2022 ya ba Peter Obi kashi 72 cikin ɗari na waɗanda suka ce sun yanke shawara. Binciken da NOIPolls ta yi wa gidauniyar ANAP ta wayar tarho shi ma ya sa Obi a gaba, amma da kashi 21 cikin ɗari kawai a zagayen ƙarshe, inda fiye da rabin waɗanda aka kira suka ce ba su yanke shawara ba ko kuma suka ƙi faɗin wanda za su zaɓa. Sakamakon da hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana ya ba Bola Tinubu kimanin kashi 37 cikin ɗari, Atiku Abubakar kashi 29, Obi kashi 25, Rabi'u Musa Kwankwaso kuma kashi 6, a zaɓen da ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na masu rajista suka fito. Atiku da Obi sun ƙalubalanci sakamakon, amma kotun ƙoli ta tabbatar da shi a watan Oktoban 2023. Ko da wane ɓangare mutum yake a wannan taƙaddama, abu ɗaya a fili yake: masu babbar waya da kuɗin sayen data sun fi yawa a birane da kuma tsakanin matasa masu ilimin boko, don haka ra'ayinsu ba shi ne na manomin karkara ba.

Tarho ya fi intanet isa lungu da saƙo a irin waɗannan ƙasashe, amma shi ma yana da giɓi. Mata a ƙauyuka ba su kai maza mallakar waya ba, a gidaje da yawa waya ɗaya ake amfani da ita kuma tana aljihun maigida, ɗan birni kuwa yakan riƙe layi biyu ko uku, wanda hakan ke ninka damar a dace da shi. Ga matsalar sabis da ta caji, ga kuma batun harshe, ga tsoron faɗa wa baƙuwar murya ra'ayin siyasa a yankunan da ke fama da rashin tsaro. Dalili ke nan da ya sa ƙungiyar Afrobarometer, wadda tun 1999 take auna ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka sama da 30, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Sudan, ta dogara ga bi gida-gida, inda takan tambayi mutane 1,200 zuwa 2,400 a kowace ƙasa a cikin harshen da suka zaɓa, rabi maza rabi mata.

A lokacin annobar korona a shekara ta 2020, da bi gida-gida ya gagara, hukumar ƙididdiga ta Najeriya tare da Bankin Duniya sun koma ga tarho domin sanin halin da iyalai ke ciki ta fuskar abinci da aikin yi. Sai dai ba lambobi suka harhaɗa ba. Sun kira gidaje kusan 2,000 ne daga cikin waɗanda ma'aikata suka riga suka ziyarta ƙafa da ƙafa a binciken 2018 zuwa 2019, kuma da yake suna da bayanan hatta gidajen da ba su da waya, sun san irin mutanen da kiran bai kai gare su ba, suka kuma gyara alƙalumansu daidai da haka.